Amsa ga mai tambaya: dalilin da hotonka na Blender ke fitowa kamar roba

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka gina zaure a Blender, manhajar ƙera hoton 3D a kwamfuta, ka zuba masa fitilu shida, amma hoton ya fito ba inuwa, kamar kayan roba. To fitilun nan su ne matsalar, kowace tana cinye inuwar 'yar'uwarta. Kashe biyar, ka bar ɗaya.

Amma fara duba girman kayanka. Akwatin da Blender ke buɗewa da shi mita 2 ne kowane gefe, kusan tsayin ƙofa ke nan. In ƙofarka ta kai mita 10, fitilar ɗaki ba za ta taɓa yin daidai ba, domin in ka ninka nisanta da bango, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne kawai zai isa.

Fitilar rana ta Blender (Sun) ita ba ruwanta da nisa, inda ta fuskanta ne abin lura. Kano tana wajen digiri 12 arewa da ikwaita, don haka da tsakar rana hasken kusan daga saman kai yake sauka, bango ya fito fili ɗaya. Karkato da ita kamar ta hantsi ko ta bayan la'asar, sai zanen bango da kaushin yaɓe su bayyana. Faɗin rana a sama digiri 0.5 ne, shi ya sa bakin inuwa ke da kaifi. In hazon hunturu kake so, kai faɗin fitilar ranar (Angle) digiri 5 zuwa 10, inuwar ta yi laushi.

Don Allah ka je ka tsaya gaban Gidan Makama da yamma, ka ƙura wa inuwar ido. Ba baƙa ba ce. Sararin sama yana zuba mata shuɗi-shuɗi, jar ƙasa kuma tana mayar mata da ja-ja daga ƙasa. Wannan hasken da ke dawowa shi ido ke gaskatawa, kuma Cycles, injin fitar da hoto na Blender, yana lissafa shi da kansa. Ɗauko HDRI, wato hoton kewaye da ke ba da haske, kyauta a shafin Poly Haven ya zama samanka. In da rana a cikinsa kada ka ƙara wata, sai abu ɗaya ya yi inuwa biyu.

Launin haske kuwa, da ma'aunin Kelbin ake sa shi: ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa 2700, hasken rana wajen 5500, ranar hadari 6500. Farin fenti, a ma'aunin 0 (baƙi) zuwa 1 (fari fat), kada ya wuce 0.8, in ka kai shi 1 ɗakin zai ƙone da haske. Ka bar AgX a kunne, wato tsarin daidaita haske da launin hoto wanda ya zo a Blender 4.0 a 2023, yana hana taga zama fari fat.

Ɗigo-ɗigon da ake gani a cikin ɗaki daga ƙananan fitilu masu ƙarfi da ƙaramar taga yake zuwa. Faɗaɗa fitilar, sa samfur (Samples, yawan lissafin haske a kowane ɗigon hoto) 128 zuwa 256, ka kunna OpenImageDenoise mai share ɗigo-ɗigon. Gwaji kuma a rabin girman hoto, kwamfutarka ta huta, ka gama kafin a ɗauke wuta.