Kada ka bi kifin wel, jira ya fito

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa muke yini cikin jirgin ruwa kyamara a hannu ba ma ɗaukar komai, kuma me zai hana matuƙi ya ƙara wuta mu bi kifin wel, ƙatuwar dabbar nan ta teku, duk inda ya ɓulla. Bin sa shi ne ke hana sabon shiga hoto. Da ya ji ƙarar inji ta matso sai ya nutse ya sauya hanya, ka koma gida da hoton ruwa zalla. Ga kuma doka: a Hawai da Alaska na Amurka an hana kusantar hambak, wato nau'in wel mai doro, ƙasa da yadi 100.

Wel da huhu yake numfashi, dole ne ya taso ya shaƙi iska, kuma nan rabonka yake. Don haka zaman da ka ga ina yi ba zaman banza ba ne, ƙirga nake. Ya yi feshi, wato fitar da numfashi a saman ruwa, sau nawa? Minti nawa ya yi a ƙasa? Ina ya dosa? Hambak yakan yi 'yan mintoci ya dawo, amma wani nau'in wel mai ƙaton kai da ake gani a Kaikoura ta Niyu Zilan yana iya shafe minti 45 bai leƙo ba.

Zuba wa bayansa ido. Idan ya yi feshin ƙarshe ya lanƙwasa gadon baya sosai, to zai yi zurfi, wutsiya na tafe. Za ta ɗago ruwa yana zuba daga gefenta kamar labule, daƙiƙa biyu ko uku ta ɓace. Wanda a lokacin ne zai ɗaga kyamara ya riga ya makara. Kuma kada ka raina wannan hoton: zanen ƙarƙashin wutsiyar kowane hambak daban yake, da shi masu bincike ke gane su ɗaya bayan ɗaya.

Tsallen da kowa ke kwaɗayi ba ya sallama, sai dai wanda ya yi sau ɗaya yakan maimaita, sai ka tsaya a kan wurin.

Gobe kafin mu tashi, saita saurin ɗauka a 1/1000 na daƙiƙa ko mafi sauri, saboda jirgi yana rawa. Goge gishiri daga gilashin kyamara. Ka bar duba hotunan da ka ɗauka sai mun sauka, ido ɗaya a kyamara, ɗaya a kan ruwa.