Tambayi Lauya: Wai Legas za ta iya cewa mu koma gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista, Allah ya ƙara basira. Ni mazaunin Agege ne ina sana'ar kayan gwari a Mile 12. Ƙanina ne ya taso daga gida da mashin ɗinsa a cikin tirela shi da wasu samari, tun kafin su shigo gari aka tare su aka sauke su, kwana uku suna tsare, mashin ɗin kuma har yau bai fito ba, wani jami'i ma ya ce musu wai su koma inda suka fito Legas ta cika. To Barista gwamnatin jiha tana da wannan ikon ne? Kuma hana acaɓa da aka yi ba danne mana haƙƙi ba ne? Daga ɗan'uwanka a Agege.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya kiyaye gaba. Abu biyu ka haɗa min, ɗaya amsarsa za ta yi maka daɗi ɗayan kuma sai haƙuri.

Maganar su koma gida dai babu ita a doka kwata-kwata. Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kowane ɗan Najeriya yana da 'yancin ya je duk inda yake so a cikin ƙasar nan kuma ya zauna duk inda ya ga dama, sashe na 42 ya hana a nuna maka bambanci saboda ƙabilarka ko addininka ko garin da ka fito, na 43 ma ya ba ka damar mallakar fili ko gida a ko'ina. Kuma shi kundin nan sama yake da gwamna da majalisa da ɗan sanda, don sashe na 1 ya faɗa ƙarara duk dokar da ta ci karo da shi to soke take. Balle maganar fatar baki ta wani jami'i a bakin titi.

An sha gwada wannan abin fa. A 1980 gwamnatin Shagari ta ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Borno, ta tsallakar da shi Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, babbar kotun Maiduguri ta ce ƙasarsa ce ya dawo, gwamnati ta ɗaukaka ƙara bata ci ba. Ko nan Legas a watan Agustan 2019 an tare mutum 123 'yan Jigawa da babura 48 a cikin babbar mota, aka bincike su ba a same su da komai ba dole aka sake su. Ka ga kusan labarin ƙaninka ke nan.

To sai zancen acaɓa, a nan ne mutanenmu suke ruɗewa. 'Yancin zirga-zirga naka ne kai mutum, amma bai ce dole a bar ka ka ɗauki fasinja a kan mashin a kowane titi ba. Sashe na 4 ya ba majalisar jiha ikon yin doka don zaman lafiya da tsari a jiharta, sannan sashe na 45 ya yarda a taƙaita wasu haƙƙoƙi, har da na sashe na 41 ɗin, in dai da doka aka yi kuma don tsaron jama'a ko lafiyarsu ko kare haƙƙin wasu. Da wannan Legas ta dogara, tana da dokar sufuri ta 2018, kuma daga 1 ga Yunin 2022 ta hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland, a Satumba ta ƙara da Mushin da Oshodi-Isolo da Kosofe da Shomolu. Ni a nawa ra'ayin an yi gaggawa, ka raba dubban samari da abincinsu ba ka tanadar musu wani abu ba, amma rashin tausayi daban saɓa kundi daban, kuma dokar bata ce Bahaushe ba, Bayarabe ma in ya hau a Ikeja kamawa za a yi. Inda za ta zama matsala shi ne a ga ana zaɓen namu ana kamawa ana ƙyale wasu, nan sashe na 42 zai shigo, sai dai fa kotu hujja take so, a yi ƙoƙari a samu shaidu da hoto.

Shi ƙaninka ma ai ba a kama shi yana aiki ba, mashin na cikin mota a ɗaure, wane titi ya hau? In yana da rasit da takardun mashin to dukiyarsa ce, sashe na 44 ya hana a karɓe wa mutum dukiya sai ta hanyar da doka ta tsara. Kwana ukun nan kuma su ne babban abin da zan riƙe in ni ne lauyansa, domin sashe na 35 ya ce a sanar da wanda aka kama dalili a rubuce cikin awa 24 da yaren da yake ji, a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu, yanzu don Allah ina ne a Legas za ka yi kilomita 40 ba ka ga kotu ba? Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba sashen ya ce a biya shi diyya a kuma ba shi haƙuri a bainar jama'a. Mutanenmu da an sako su sai a ce a bar wa Allah, shi ya sa gobe ma ake sake yi wa wani.

Ku haɗa takardun mashin, ku rubuta ranar da aka kama su da ranar da aka sake su da ofishin da aka ajiye su, ku sanar da Sarkin Hausawan Agege ya san da maganar, sannan lauya ya rubuta takardar neman a saki mashin. In an ƙi, sashe na 46 ya ba shi dama ya tafi babbar kotu kai tsaye, kai ma za ka iya shigar da ƙarar a madadinsa bisa ƙa'idojin shigar da ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam na 2009. In babu kuɗin lauya akwai ofishin lauyoyin kare talaka na jihar Legas da ake kira OPD, akwai hukumar tarayya mai ba talaka lauya wato Legal Aid Council, kyauta suke yi. Kada ku ba kowa ko sisi a bayan fage da sunan zai fito muku da mashin, in an ce akwai tara a nuna muku dokar a ba ku rasit.