Kun Tambaya, Mun Amsa: Watan Agusta a Ƙwallon Ostireliya

Tun ranar da na ambata a wannan shafi cewa ina zaune a Melbourne, kuma ina zuwa kallon ƙwallon mutanen nan, wasiƙu suke shigowa a kanta. Na zaɓi huɗu domin wannan fitowa. Na rage tsawon wasu, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

Daga wani ɗalibi a Zariya: Yaya, na ci karo da wani wasa a talabijin da sassafe. Fili kamar ƙwai, 'yan wasa da riga mai yankakken hannu, suna kama ƙwallo da hannu suna kuma buga ta da ƙafa. Abokina ya ce zari-ruga ce, ni na ce ba ita ba ce. Na kuma ga an rubuta 12.18 (90), na kasa ganewa.

Ƙanena, kai ne da gaskiya. Wannan wasa na Ostireliya ne, a Melbourne aka rubuta dokokinsa na farko a 1859, kuma babbar gasarsa ita ce AFL mai ƙungiyoyi 18. Mutum 18 ne a kowane ɓangare a cikin fili. Ba a jifa da ƙwallon. Ko dai ka buga ta da ƙafa, ko ka ɗora ta a tafin hannu ɗaya ka naushe ta da ɗayan. In kana gudu da ita, dole ka buga ta a ƙasa duk bayan mita 15. Wanda ya cafe ƙwallon da aka bugo daga nesa kafin ta taɓa ƙasa, alƙalin wasa zai busa, a ba shi wuri ya buga babu mai taɓa shi. Shi ya sa kake ganin mutum ya taka gadon bayan wani ya tashi sama. Dokar wasan ta yarda da haka.

Batun lissafi kuwa, sanduna huɗu ne a kowane ƙarshen fili, kuma babu mai tsaron gida. In ƙwallo ta bi tsakanin dogayen biyun nan na tsakiya daga ƙafarka ba tare da wani ya taɓa ta ba, maki 6 ke nan. In ta bi ta gefe, tsakanin doguwar sanda da gajeriya, ko ta daki doguwar sanda, maki 1. Abin da ka gani sakamakon Collingwood ne a wasan ƙarshe na 2023: manyan ci 12, ƙanana 18, jimla 90. Brisbane ta samu 13.8, wato 86. Ka ga Brisbane ta fi yawan manyan ci, amma kofin ya tafi Collingwood da tazarar maki 4. Ka riƙe wannan makin ɗaya-ɗaya a ranka, don za mu sake cin karo da shi a ƙasa.

Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi: Malam, na ji an ce a gasar nan babu ƙungiyar da ke faɗawa ajin 'yan dagaji, kuma wanda ya ƙare a saman teburi ba shi ne zakara ba. To me ake wa tsere a ƙarshen kaka?

Alhaji, abin da aka gaya maka haka yake. Ta ƙarshe a teburi ba ta sauka ko'ina, ita ce ma ake ba damar fara zaɓar matashin da ya fi kowa a cikin sababbin da za a raba. Ta ɗaya kuma ba ta ɗauki komai ba tukuna. Ana fara kaka a Maris, kowace ƙungiya ta buga wasa 23, nasara maki 4, canjaras maki 2. Abin da kowa ke nema shi ne ya samu gurbi a wasannin Satumba, inda ake fitar da zakara. Shekara da shekaru, har zuwa 2025, ƙungiyoyi takwas ne suka riƙa shiga. Huɗun sama suna da rai biyu: in aka doke su a makon farko, suna da wata dama. Daga ta biyar zuwa ta takwas kuwa sili-ɗaya-ƙwale ne tun ranar farko. Saboda haka tsere biyu aka saba yi a Agusta, na shiga takwas da na shiga huɗu.

In maki ya zo ɗaya, ba a duba wanda ya doke wani. Ana ɗaukar duk makin da ka ci a kaka, a raba da duk wanda aka ci ka, a ninka da 100. Wannan kason ne ya kashe Carlton a 2022. Tun farkon kaka suna cikin takwas, magoya bayansu da rabonsu da wasan Satumba tun 2013 har sun fara shiri. Ranar ƙarshe suka haɗu da Collingwood, abokan gabarsu na gado, a MCG, babban filin wasa na Melbourne. Sun shiga zubin ƙarshe da ratar maki 24. Collingwood ta riƙa cin ratar nan kaɗan-kaɗan, sai Jamie Elliott ya zura ta ƙarshe saura ƙasa da minti biyu. Aka tashi 75 da 74. Western Bulldogs ta haye gurbi na takwas da bambancin kaso wanda bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Akwai wani abokin aikina ɗan Carlton, washegari ya zo aiki bai ce wa kowa uffan ba har aka tashi. Mutumin da ya saba gaishe ni da fara'a kullum, ranar kai kawai ya ɗaga mini.

Na shekarar da ta biyo baya ya fi ciwo, domin ba laifin 'yan wasa ba ne. Daren 19 ga Agusta 2023, Adelaide na bin Sydney a baya, saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, Ben Keays ya buga ƙwallo ta shige tsakanin dogayen sanduna. Alƙalin bakin sanda ya ce ta taɓa sanda, maki 1, kuma bai nemi a duba hoton bidiyo ba. Sydney ta yi nasara da maki ɗaya. Washegari shugaban hukumar AFL na lokacin, Gillon McLachlan, ya fito ya amsa cewa kuskure aka yi, amma sakamako ya zauna. Da lissafin yadda teburi ya ƙare, da an ba su cin nan, Adelaide ce za ta shiga takwas. Aikin wata shida ya tafi a hukuncin daƙiƙa guda.

Daga 2026 hukumar ta buɗe ƙofa ga ta tara da ta goma, su kara da ta takwas da ta bakwai kafin a shiga ainihin wasannin. Ni dai raina bai kwanta da wannan ba. Daɗin Agusta yana cikin ƙuncin ƙofar ne. In ƙungiya goma cikin 18 za su samu dama, fiye da rabi ke nan, wasannin tsakiyar hunturun nan, wato Yuni da Yuli, za su rage nauyi. Masu goyon bayan tsarin suna tuna mana cewa Bulldogs daga gurbi na bakwai ta ɗauki kofi a 2016, Brisbane kuma daga na biyar a 2024. Gaskiya ne, amma dukansu sai da suka cancanci shiga takwas tukuna.

Daga wata 'yar'uwa a Sudan: Akwai 'yan Afirka ko Musulmi a wasan? Kuma yaushe ake wasan ƙarshe?

Akwai, 'yar'uwa. Majak Daw, wanda aka haifa a Khartoum, shi ne haifaffen Sudan na farko da ya buga AFL, ya fara wa North Melbourne a 2013. Aliir Aliir, ɗan asalin Sudan ta Kudu da aka haifa a sansanin Kakuma na Kenya, ya yi suna a tsaron baya a Sydney da Port Adelaide. Bachar Houli, Musulmi ɗan asalin Labanan, ya ɗauki kofi uku da Richmond kafin ya yi ritaya a 2021, kuma ya kafa gidauniyar da ke horar da yaran Musulmi. Wasan ƙarshe bisa al'ada ana yin sa ranar Asabar ta ƙarshen Satumba a MCG, filin da ke ɗaukar mutum dubu ɗari, da ƙarfe 2:30 na rana agogon nan. A Kano da Yamai 5:30 na asuba ke nan, a Khartoum 6:30.

Daga wani dattijo, tsohon malamin makaranta a Kano: Ɗana, jikana ya nuna mini hoton 'yan wasa da aka ɗauko a kafaɗa ana tafa musu, wai sun yi ritaya. Yara ne, ba su kai 35 ba. Me ke kore su da wuri haka, kuma me ya sa ake ce duk a wata ɗaya suke tafiya?

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wannan tambaya ta taɓa ni, domin ina cikin filin a irin wannan rana.

Abu na farko jiki ne. Ɗan wasan tsakiya yakan yi gudun sama da kilomita 12 a wasa ɗaya, ana bangazarsa ta ko'ina, babu hular kwano, babu sulke. Gwiwa, ƙugu, kafaɗa, duk suna karɓar rabonsu. Ga kuma bugun kai, wanda yanzu ya fi komai tayar da hankali. Angus Brayshaw na Melbourne ya bar wasa a farkon 2024 yana da shekara 28 bisa shawarar likitoci, bayan karon da ya sumar da shi a wasan Satumban 2023.

Abu na biyu tsarin gasar ne. An ƙayyade wa kowace ƙungiya yawan 'yan wasan da za ta riƙe da kuma kuɗin albashin da ba za ta wuce ba, kuma kowace shekara sai ta ɗauki sababbin matasa. Kafin yaro ya shigo, sai wani ya tashi. Saboda haka da Agusta ta kama, ƙungiyar da ta ga ba za ta kai Satumba ba takan kira dattawanta a zauna. Wani ya furta da bakinsa, wani kuma a furta masa. Brent Harvey ya buga wa North Melbourne wasa 432, yana kan ganiyarsa a 2016 aka shaida masa ba za a sabunta kwantiraginsa ba. Har yau ina ganin ba a kyauta masa ba. Mutumin da ya ba gida shekara ashirin ya cancanci a bar shi ya zaɓi ranarsa.

Masu zaɓar ranar tasu ba su da yawa. Joel Selwood na Geelong yana cikinsu: ya ɗaga kofi a matsayin kyaftin a 2022, bayan sun lallasa Sydney da maki 81, kwanaki kaɗan ya ce ya gama, da wasa 355 da kofi huɗu. Lance Franklin kuwa, wanda dubban mutane suka kwararo cikin fili a Sydney ranar da ya zura cinsa na 1,000 a Maris 2022, ya fita daga wani wasa da Essendon a ƙarshen Yulin 2023 da ciwon sha-raɓa. Bai sake buga ko minti ɗaya ba. Ya tsaya a ci 1,066 cikin wasa 354. Dustin Martin, wanda sau uku ana zaɓarsa gwarzon wasan ƙarshe, ya sanar da tasa tafiyar a Agustan 2024 ba tare da wasan bankwana ba.

Ni ɗan Richmond ne, kuma maƙwabcina ne sanadi, wani dattijo Bature da ya haura saba'in, wanda ya fara kai ni fili a shekarata ta farko a garin nan. Shi ya ga kofin 1980 da idonsa, ya kuma jira shekara 37 kafin ya ga na 2017. Ranar Asabar 19 ga Agusta 2023, ranar da abin Adelaide ya faru da dare, da rana muka tafi MCG tare. Mun sauka a tashar jirgin ƙasa ta Richmond muka taka ta cikin lambu, ana sanyin hunturu, shi da tsohon mayafin wuyansa mai ruwan ɗorawa da baƙi wanda zarensa ya fara zazzagowa, ni da butar shayina. Richmond ba ta da wani abin kirki da ya rage mata a teburi, kocinta Damien Hardwick ma ya ajiye aiki tun watan Mayu. Abin da ya kawo mutane shi ne Trent Cotchin, kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin 2017 da 2019 da 2020, da Jack Riewoldt, mai ci 787. Wasansu na ƙarshe ke nan, Cotchin na 306, Riewoldt na 347. A ɓangaren North Melbourne ma tsohon kyaftinsu Jack Ziebell yana buga nasa na ƙarshe.

Duk sanda ɗayansu ya taɓa ƙwallo, sai fili ya ɗauka. Richmond ta yi nasara, amma da aka busa tashi babu wanda ya nufi ƙofa. 'Yan wasan ƙungiyoyin biyu, waɗanda yanzun nan suke kayar da juna, suka yi sahu biyu suka bar hanya a tsakiya, aka ɗauko masu tafiya a kafaɗa aka bi da su. Abin da jikanka ya nuna maka ke nan, Baba. Ana yi wa wanda ya daɗe yana yi wa ƙungiya hidima, kuma abokan hamayya ma sukan tsaya su tafa.

Na waiwaya na ga maƙwabcina ya cire tabarau yana goge ido da gefen mayafin nan. Ya ce mini yana nan a filin lokacin da Cotchin yake sabon yaro ɗan shekara 18, a shekarun da ake yi wa Richmond dariya. Muka zauna har masu shara suka fara bin layin kujeru, shayin ya huce a buta, sannan ya dafa kafaɗata ya miƙe muka nufi tasha.

Masu son aiko da tambaya, ƙofa a buɗe take. Wadda ta shigo kan yadda ake raba matasa tsakanin ƙungiyoyi a watan Nuwamba, na ajiye ta sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.