Tatsuniya da hantsi

'Yata, saƙonki ya iso. Na yi dariya har sai da jikokina suka leƙo ɗaki. Wai shugabar makarantarku ta ce kowace Laraba da safe ki riƙa yi wa 'yan nazare tatsuniya, ke kuma gabanki na faɗuwa don kin ji an ce mai yin tatsuniya da rana ɓacewa yake yi. Da dariyar ta lafa kuma sai jikina ya yi sanyi. Ashe mun kai zamanin da sai an rubuta Gizo a jadawali kafin yaro ya san shi.

Mu ma haka aka tsorata mu. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, in ta ji ɗayanmu ya ce "ga ta nan" rana na sama, sai ta ce, "To surfen nan Ƙoƙi ce za ta yi mini?" Ita dai dare ne mahutar bawa. Sai an ci tuwo an yi lisha, ta jawo mazarinta, sannan bakinta ke buɗewa.

A 1976, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta buɗe firamare kyauta ga kowa, aka tura ni koyarwa wani ƙauye a ƙasar Zazzau. Ba mai takardar haihuwa. Hedimasta kan sa yaro ya zagaya hannu ta bisa kansa ya kamo kunne, in ya kai an ɗauke shi. Waɗanda hannunsu bai kai ba ma ba su koma gida ba, suka maƙale wa yayyensu. Ajina gindin darbejiya ne, allon a jingine da icen. Ranar farko ina "ba, be, bi, bo, bu" su kuwa kuka suke, ɗaya ya fara goma su karɓa, ga majina ga fitsari.

Akwai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a gefen filin. Ta gaji da kallona, ta sauke kaskonta, ta je jikin zana ta kama ciyawa ta ƙulla. Ta ɗaga murya ta ce, "Na ɗaure Gizo!" Ta zo ta zauna a ƙasa, ta ɗora mafi kukan cikinsu a cinya, ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Wallahi bakin da ke kuka shi ya amsa, "Ta zo mu ji ta." Ta ɗauko ta Gizo da hankaki, yadda suka ara masa gashi ya bi su cin ɓaure a tsakiyar ruwa, kowane ya nuna sai ya ce shi ya riga gani. Tana maganarsa da tsamin baki, yara na faɗuwa don dariya. Ba ta sakin labarin ya tafi shi kaɗai. Sai ta tsaya ta ce, "Kai mai jar hula, in kai ne hankaka me za ka yi masa?" Yaron da tun safe na kasa jin sunansa ya miƙe ya ce zai ƙwace gashinsa. Ta sa suka ƙirga ɓauren da yatsu. Kafin ta ce ƙurunƙus sun ƙirga har goma, ni da allina muna tsaye.

Shi ya sa abin da nake gani yanzu ke damuna. Ɗan shekara uku da jaka ta fi shi, ana tilasta masa haddar Turancin da ko uwarsa ba ta ji, a dawo da shi da aikin gida. Alhali a 1977 manufar ilimi ta ƙasa cewa ta yi ƙananan yara da harshen gida za a fara musu. In dare ya yi kuma kowa ya duƙufa a waya, kaka na ɗaki ba mai zuwa hira.

In za ki yi, kada ki tsaya a kansu da littafi a hannu. Ki shimfiɗa tabarma ki zauna, ki bar su su katse ki, mai waƙa kuma su yi amshi. Makarantarku ta bulo ce, ban san inda za ki samo zanar ƙullawa ba, amma ai gyalenki na da baki. Ki gaida babanki, ki ce ina nan ina jiran zumar da ya yi mini alkawari tun Sallah.