Dogon wuya da ƙaramar hula

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa naman kazan ɗaki na biyu yake fitowa da dogon wuya da ƙaramar hula, alhali kana fesa ruwa safe da yamma. Ba ƙishirwa ke damunsa ba, iska ce ta yi masa kaɗan.

Lokacin da farin zaren nan, wato saiwar naman kazan, yake cin karan alkama a cikin leda, duhu da rufaffen ɗaki ba su dame shi. Amma da zarar ka tsaga ledar ya fara tsiro, buƙatarsa ta canza. Numfashi yake yi kamar ni da kai, yana fitar da gurɓatacciyar iska. Kai kuma don tsoron bushewar garin Ɗa'ifa na Saudiyya ka toshe kowace kafa. Dubi na'urar awon wannan gurɓatacciyar iska (carbon dioxide) da ke rataye a bango. Iskar waje tana nuna 400 da ɗoriya, irin naman kazan da muke nomawa kuwa, wanda Larabawa ke kira mahari, ba ya son ta haura 1000. In ta haura, sai ya yi ta miƙa wuya yana neman mafita.

Mukayyif ɗin bango, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba zai cece ka ba. Iskar ɗakin yake juyawa, yana kuma tsotse danshinta. Na sahara, mai jiƙa tabarma da ruwa, shi ya dace da busasshiyar ƙasa irin wannan, don sabuwar iska yake shigowa da ita, mai sanyi da laima. Fankar fitarwa kuwa ka sa ta ƙasa-ƙasa, ta ɗayan gefen, kada iska ta bugi ledojin kai tsaye, in ba haka ba ƙananan tsiron su yi rawaya su bushe.

Danshi ya tsaya tsakanin 85 da 90 cikin ɗari, zafi kada ya wuce digiri 24 a ma'aunin Celsius. Ka jiƙa daɓe da bango, ban da kan hular, ruwan da ya kwana a kanta tabo yake jawowa. Haske kaɗan ya isa, wanda za ka iya karanta takarda da shi.

Waɗanda suka riga suka yi wuya ba za su gyaru ba. Ka murɗe su daga tushe, ka share wurin, ka jira fitowa ta biyu bayan mako guda zuwa biyu. Ledar da ka ga koren fumfuna a jikinta kuma, ka rufe ta tukuna sannan ka fitar da ita yau ɗin nan, kuma ka sa takunkumi kafin ka shiga.