Me Ya Sa Debian Ba Ta Gaggawar Sauya Kompaila?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne. Na ɗora Debian 13, wani tsarin Linux na sarrafa kwamfuta, a kwamfutata, sai na tarar kompailar da ta zo da ita GCC 14 ce, alhali GCC 15 ta fito tun kafin a saki wannan Debian ɗin. Shin sakacin masu kula da ita ne, ko da wani dalili? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ba sakaci ba ne, da gangan aka yi. An fitar da GCC 15 a watan Afrilun 2025, Debian 13 kuma ta fito a watan Agusta, amma tun a watan Maris aka rufe ƙofar sauya kayan gina manhaja, ciki har da kompaila, domin a al'adar Debian su ake fara dakatarwa idan lokacin fitar da sabon zubi ya ƙarato.

Dalili kuwa shi ne, kompaila ita ce ke juya rubutun da masu shirya manhaja suka yi zuwa umarnin da na'ura ke ganewa, saboda haka mafi yawan abin da ke cikin Debian, wadda ke ɗauke da dubun-dubatar ƙunshin manhaja, ta hannunta ya biyo. Idan aka sauya ta, kamar an sauya mudun awo ne a tsakiyar cin kasuwa, dole a sake auna hajar kowa.

Sabuwar kompaila takan ƙi rubutun da tsohuwa ke kau da kai a kansa. GCC 10, wadda ta fito a 2020, ta daina lamuntar a ayyana suna guda a fayiloli da dama ba bisa ƙa'ida ba, sai tsofaffin manhajoji masu yawa suka ƙi ginuwa. GCC 14 a 2024 ta mayar da kiran aikin da ba a gabatar da shi ba ya zama kuskure mai tsayar da gini, bayan an shafe shekaru gargaɗi kawai ake yi. Ita kuma GCC 15 da kake tambaya a kai ta koma bin C23, wato sabuwar ƙa'idar harshen rubuta manhaja na C, wadda ta keɓe kalmomin bool, true da false, don haka duk wanda ya taɓa ayyana su da kansa a tsohon rubutu yana iya cin karo da matsala.

Mafi wahala shi ne abin da ya faru a 2015 da GCC 5, lokacin da aka sauya yadda laburaren harshen C++, wato tarin shiryayyun ayyukan da manhajoji ke dogara da su, ke shimfiɗa wasu bayanai a ƙwaƙwalwar na'ura. A nan rubutu bai ƙi ginuwa ba, amma laburaren da aka gina da sabon tsari ba ya haɗuwa da manhajar da aka gina da tsoho, don haka sai da Debian ta sake wa laburare da dama suna, tana liƙa musu v5 a ƙarshe, ta kuma sake gina su bi da bi, ana fara da na ƙasa kafin waɗanda suka dogara da su.

Shi ya sa ake bin mataki-mataki. Ana fara ajiye sabuwar kompaila a sashen gwaji da ake kira experimental, a gina dukan rumbun da ita, sannan a aika rahoto ga mai kula da kowane ƙunshin da ya gaza. A ganina nan ne ainihin aikin yake, domin akasarin masu kula da ƙunshin nan 'yan sa-kai ne da ba mai ikon tilasta musu, wasu manhajojin kuma marubutansu na asali sun daɗe da watsar da su. Gyara mai inganci shi ne a kai shi ga marubucin asali domin kowa ya amfana. Sassauta wa kompaila ƙa'ida a ƙunshi guda jinkirta matsalar ne kawai. Ƙunshin da aka rasa mai gyara shi, cire shi ake yi daga zubin da za a fitar.

Fedora, wadda ita ma tsarin Linux ce kamar Debian, ta zaɓi wata hanyar: tana sake gina komai kusan duk wata shida, kuma Fedora 42 ta zo da GCC 15 a watan da aka fitar da ita. Idan karatunka na buƙatar sabuwar, ka ɗora Fedora a kwamfutar kwaikwayo, wato manhajar da ke aiki kamar wata kwamfuta daban, cikin Debian ɗinka, ko ka gina GCC 15 a wata jaka ta daban, amma kada ka maye gurbin wadda tsarin ya zo da ita.