Ginin yana nan, idon mutane ne ya sauya

Ɗan'uwa, tambayarka ta taɓa ni sosai. Ka ce ka koma inda ka daɗe kana zaune, ka tarar da gine-gine da hanyoyi yadda ka bar su, amma ka ji kanka baƙo, har kana tambaya ko kai ne ka canza ko wurin. Ni ma na ɗanɗana wannan.

Na yi koyarwa shekara 11 a wata makaranta. Bayanta akwai fili da wata tsohuwar bishiya. Da yamma nan ne matattarar kowa. Yara na buga ƙwallo, manya na hira a inuwa, duk wanda kake nema can za ka same shi. Da na koma bayan shekaru, filin yana nan, bishiyar ko reshe ba a sare mata ba, amma babu kowa. Na tambayi wata baiwar Allah, ta ce ai yanzu ba a barin yara su je can, wurin 'yan shaye-shaye ne. Na zauna har rana ta faɗi, ban ga ko ɗaya ba. A hankali na gane yadda abin ya faru. Hira ta koma cikin waya, mutane suka rage fitowa, filin ya yi tsit. Shirun ya haifi tsoro, tsoron ya haifi mummunan suna. Wannan shi ya fi yi mini ciwo, domin filin bai yi wa kowa laifi ba.

Abin kuma yakan juya ta ɗaya ɓangaren. Tsibirin Robben a Afirka ta Kudu, inda Mandela ya shafe shekara 18 cikin 27 da ya yi a ɗaure, wuri ne da ake jin sunansa gaba ya faɗi. Yau gidan tarihi ne, har wasu tsofaffin fursunoni ke zagayawa da baƙi. Katangar ce dai, ɗakunan ne dai. Haka dutsen Uluru a Ostireliya. Shekara da shekaru masu yawon buɗe ido suna hawansa, alhali mutanen Anangu, masu ƙasar, suna roƙon a daina saboda wuri ne mai tsarki a gare su. An mayar musu da mallakarsa a 1985, amma sai a Oktoban 2019 aka hana hawan. Shekara 34 kafin sauran jama'a su soma kallon dutsen da idon masu shi.

Don haka kada ka yi saurin cewa mutanen yanzu sun ɓata wurin. Tambayi matasa inda suke haɗuwa, za su nuna maka wani lungun da kai ba ka taɓa ɗauka a bakin komai ba, kuma suna ƙaunarsa kamar yadda ka ƙaunaci naka.

Ni dai washegari na sake komawa gindin bishiyar na zauna. Wani tsohon ɗalibina ya hango ni, ya zo muka gaisa, ya kira abokinsa a waya. Kafin duhu ya yi mun zama mu biyar, wani yaro kuma ya shigo filin da ƙwallonsa yana waiwaye.